Tambayoyi da Amsoshi kan Kula da Firintar Tawada da Sauya Katirij

Wannan bayani ya shafi firintar da ke aiki da tawada mai ruwa, irin su HP DeskJet da Canon PIXMA da Epson, waɗanda ake samu a gidaje da makarantu da ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu. Bai shafi firintar lesa mai aiki da garin tona, wato busasshiyar tawada mai kamar gari, ba, sai inda ya zama dole a kwatanta su. Yawancin matsalolin da za a tattauna tushensu ɗaya ne, wato tawada ruwa ce, ruwa kuwa yana bushewa idan iska ta same shi.

Mene ne ainihin abin da ke faruwa a cikin firinta sa'ad da take buga takarda?

Akwai wani sashe da ke kai da komowa a faɗin takarda, wanda masu gyara ke kira kan firinta. A ƙarƙashinsa akwai ɗaruruwan ƙananan ƙofofi, kowace ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma ta cikinsu ake feso ɗigon tawada a kan takarda. Kamfanonin HP da Canon da zafi suke aiki: a bayan kowace ƙofa akwai ɗan mitsitsin abin dumamawa da ke tafasa tawada cikin ƙiftawar ido, sai kumfar da ta taso ta tunkuɗo ɗigo waje. Da wannan dabara HP ya fito da ThinkJet a 1984, sannan DeskJet a 1988. Epson da Brother kuwa ba sa dafa tawada. Suna amfani da wani sinadari da ke lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, lanƙwashewar ce take matso ɗigon.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai firinta shi ne ya san inda kan nata yake. A ƙananan DeskJet da PIXMA masu katirij biyu, wato 'yan akwatunan tawada, baƙi da mai launi, kan yana manne ne a jikin katirij ɗin, saboda haka duk wanda ya sayi sabon katirij ya sayi sabon kai ke nan. A firintocin Epson kuwa kan na dindindin ne a jikin na'urar, kuma idan ya lalace kuɗin sauya shi yakan kusanci kuɗin sabuwar firinta. Wannan bambanci zai sake fitowa a amsoshi da dama.

Na ajiye firintata kusan wata biyu ban taɓa ta ba, yanzu rubutu yana fita da fararen layuka. Me ya same ta?

Tawadar da ke bakin ƙofofin ce ta bushe ta toshe wasu daga cikinsu, kuma kowane farin layi da ake gani a takarda ƙofa ce da ta daina feshi. Zama ba aiki ya fi yawan aiki illa ga irin wannan firinta. Mutane da yawa suna ƙin bugawa don su tattala tawada, daga baya su yi asarar katirij ɗin gaba ɗaya da tawadarsa a ciki. Maganin rigakafi mai sauƙi ne: a riƙa buga shafi ɗaya aƙalla sau ɗaya a mako, kuma shafin ya ƙunshi baƙi da dukkan launuka ukun, wato shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya. Shafin rubutu baƙi zalla ba ya motsa ƙofofin launi yadda ya kamata.

To idan an riga an samu toshewar, yaya za a yi?

Da farko a buga shafin gwaji, wanda a manhajar Epson da Canon ake kira Nozzle Check. Zai fito da siraran layuka na kowane launi a jere, kuma inda layi ya yanke nan ne toshewar take. Bayan haka a danna umarnin wanke kai daga manhajar firintar ko daga maɓallan jikinta, a jira ta gama ba tare da an kashe ta ko an buɗe murfinta ba, sannan a sake buga shafin gwajin a kwatanta da na farko.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne maimaita wankin sau takwas ko goma a jere. Kowane wanki tawada yake zuƙa ta cikin ƙofofin ya zubar da ita a cikin na'urar, don haka mai yin haka yana ƙarar da tawada ne, kuma yana iya jawo iska ta shiga bututun. Littafin jagorar firintocin Epson masu tanki, wato waɗanda ake zuba wa tawada daga kwalba maimakon sauya katirij, ya ce idan an yi wanki sau 3 babu sauyi, a bar na'urar aƙalla awa 12 ba tare da bugawa ba kafin a sake gwadawa. Shawara ce mai kyau ga kowace irin firinta, domin a cikin wannan hutun tawadar da ta daskare takan jiƙa ta saki da kanta.

Ana iya wanke katirij da hannu?

Ana iya yi ga katirij mai kai a jikinsa. A cire shi a juya ƙasansa, za a ga wani ɗan faranti mai ƙyalli da siraran tsaga a jikinsa. Nan ne ƙofofin suke. A jiƙa tsumma mai laushi wanda ba ya barin zare da tataccen ruwa mai ɗumi, a shimfiɗa shi, a ɗora farantin a kai na minti biyar zuwa goma. Sannan a danna shi a hankali a kan busasshen tishu. Katirij mai launi da ke da lafiya zai bar layuka uku a fili, shuɗi da ja da rawaya, baƙin kuma zai bar tabo mai duhu sosai. Idan launi ɗaya bai fito ba, a sake jiƙawa. Dole ne a tabbata wuraren jan ƙarfen da ke bayan katirij, waɗanda ta nan firinta ke karanta shi, sun bushe ƙarau kafin a mayar da shi.

Kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin gishirin da ke cikinsa yana ƙara toshe ƙofofin, kuma kada a kusanto da fetur ko kananzir ko allura. Wanda zai sayi tataccen ruwa a wurin masu batir ya tabbata ba ruwan asid aka ba shi ba. Kan firinta na dindindin kuwa gara a bar wa wanda ya ƙware, domin ɗigon ruwa ɗaya a kan wayoyinsa yana iya ƙone shi tare da allon lantarkin na'urar.

Me ya sa ake hana kashe firinta ta hanyar zare filogi?

Domin idan aka danna maɓallin kashewa, firinta tana mayar da kan zuwa mazauninsa da ke gefe, inda wani murfin roba ke tasowa ya rufe ƙofofin ruf don kada iska ta shiga. Idan aka zare filogi ko aka kashe soket kafin ta gama wannan, kan zai tsaya a buɗe, kuma kwana ɗaya ko biyu sun isa ya fara bushewa. A jira fitilar jikinta ta mutu tukuna.

A inda ake yawan ɗauke wuta wannan batu ya fi nauyi, tunda wutar ba ta sallama kafin ta tafi. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu, da zarar ta dawo ko an tada janareta a kunna firintar, a bar ta ta mayar da kan mazauninsa, sannan a kashe ta da maɓalli. Ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, yana warware wannan matsala, domin firintar tawada ba ta da cin wuta: Epson L3250 tana jan kimanin wat 12 ne lokacin bugu, alhali firintar lesa tana jan ɗaruruwa. Shi ya sa mai amfani da sola ko inbata ya fi samun sauƙi da firintar tawada. Wanda ya sayi firintar da aka shigo da ita daga Amurka ya karanta rubutun da ke bayanta kafin ya jona. Idan 120V kaɗai aka rubuta a matsayin ƙarfin wutar da take ɗauka, ba 100 zuwa 240V ba, wutarmu mai ƙarfin 230V za ta ƙone ta.

Shin hunturu da zafin bazara suna yi wa firinta illa?

Ƙwarai kuwa. Epson ya ƙayyade cewa firintocinsa na gida su yi aiki a zafin digiri 10 zuwa 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin 100. A Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, kuma a tsakiyar hunturu danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ma'ana, na tsawon watanni a kowace shekara firintar tana aiki ne a wajen yanayin da aka ƙera ta dominsa, kuma tawada tana bushewa da sauri fiye da yadda littafin jagora ya zata. A waɗannan watanni ya kamata bugun gwajin ya koma sau biyu a mako.

Sai kuma ƙura. Ƙurar hunturu laushi gare ta, tana shiga ta wurin saka takarda ta haɗu da tawadar da ke kan murfin roba da kan ɗan robar da ke share ƙofofin, ta zama laka, har murfin ya daina rufewa da kyau. A ajiye firinta nesa da taga da hasken rana da iskar fanka, a rufe tiren takarda, a lulluɓe ta da mayafi bayan an kashe ta. Akwai kuma wani siririn zirin roba mai kama da fim da ke miƙe a bayan kan firinta, mai ɗauke da ƙananan layuka da ido ba ya gani sosai. Da shi na'urar take sanin inda kan yake. Idan ƙura ko tawada ta ɓata shi, rubutu zai fito a karkace ko da inuwa, wani lokaci kan ya riƙa dukan gefe da ƙara. Ana goge shi a hankali da tsumma mai ɗan danshi, ba tare da an ja shi ya fita daga maƙalinsa ba.

Ta yaya zan san katirij ɗin da ya dace da firintata?

Da lamba ake sani, ba da kama ba. Lambar tana rubuce a jikin tsohon katirij, kuma sau da yawa a cikin murfin firintar. DeskJet 2130 da aka sayar a ƙasashenmu tana cin HP 123, DeskJet 2320 da 2710 suna cin HP 305, Ink Advantage 2135 tana cin HP 652, Canon MG2540 kuma tana cin PG-445 baƙi da CL-446 mai launi.

Masu sayen firinta ta hannu da aka shigo da ita daga waje su kula da wani abu da ba kowa ya sani ba. HP ya raba duniya shiyya-shiyya, har firinta iri ɗaya tana cin katirij mai lamba daban bisa inda aka sayar da ita. Ita dai DeskJet 2130 ɗin nan, ta Amurka HP 63 take ci, ta Yammacin Turai 302, ta Afirka da Gabas ta Tsakiya 123. Siffarsu ɗaya ce, kowanne zai shiga ya zauna daram, amma na'urar za ta ƙi karɓar wanda ba na shiyyarta ba. Kamfanin yana iya sauya wa firinta shiyya ta hannun ma'aikatan tallafinsa, sai dai abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya duba lambar katirij ɗin da ke ciki, ya tabbata ana samunsa a kasuwa, tun kafin ya biya kuɗin firintar.

Yaya ake sauya katirij ba tare da an yi ɓarna ba?

A kunna firintar, domin a kashe ba za ta kawo mazaunin katirij tsakiya ba, kuma tura shi da ƙarfi yana lalata shi. A buɗe murfi a jira ya tsaya cak ya yi shiru. A yawancin DeskJet ana danna tsohon katirij ƙasa kaɗan sai ya saki, a jawo shi waje. Sai a lokacin ne za a yage ledar sabon, ba kafin nan ba. A ɓare tef ɗin da ya rufe ƙofofin ta hanyar jan ɗan harshensa mai launi, kuma kada a sake manna shi. A riƙe katirij ta gefe-gefe, yatsa kada ya taɓa farantin ƙofofi ko wuraren jan ƙarfe, domin maiƙon hannu ya isa ya hana na'urar karanta shi. A tura shi cikin gurbinsa har a ji ya yi ƙas. A DeskJet mai launi yana hagu, baƙi yana dama. HP yana gargaɗin kada a bar katirij a waje fiye da minti 30, kuma a lokacin hunturu ko wannan ma ya yi yawa.

Bayan an rufe murfi, firintar za ta nemi buga shafin daidaitawa, a wasu kuma a ɗora shafin a kan gilashi ta karanta shi. Kada a tsallake wannan don tattalin takarda ɗaya, domin shi ne ke sa baƙi da launi su faɗa wuri guda.

Na saka sabo, amma firinta ta ce ba ta gane shi ba. Me zan duba?

A duba ko an cire tef, a duba ko ya zauna sosai, a duba lamba. Idan duk waɗannan daidai suke, a cire shi a goge wuraren jan ƙarfensa da na cikin gurbin da busasshen tsumma mai tsabta, a kashe firintar na minti ɗaya a sake kunnawa. Idan har yanzu ta ƙi, akwai yiwuwar jabu ne ko tsoho da aka cika aka sake naɗewa a sabon kwali. Kwalin HP na asali yana ɗauke da tambarin tsaro mai sauya kama idan an karkata shi, da alamar QR da ake dubawa da waya.

Firinta ta ce tawada ta kusa ƙarewa. Dole ne in sauya nan take?

Ba dole ba ne. Yawancin ƙananan firintoci ba sa auna tawadar da ta rage, lissafin ɗigon da suka fesa suke yi su ƙiyasta, kuma sukan yi gargaɗi da wuri. A tanadi sabo, a ci gaba da bugu har rubutu ya fara dusashewa, daga nan a tsaya. Ci gaba da bugawa da katirij da ya ƙare yana ƙone abubuwan dumamawar HP da Canon, tunda tawadar ce kanta ke sanyaya su. A firinta mai tanki kuwa ba a jira: da zarar tawada ta kusa layin ƙasa a ƙara, domin idan iska ta shiga bututu fitar da ita tana cin tawada mai yawa.

Baƙi kawai nake bugawa, me ya sa launi yake ƙarewa?

Duk lokacin da firinta ta wanke kanta, har da ɗan wankin da take yi idan an kunna ta, tana taɓa dukkan launuka, kuma wasu suna haɗa launi a cikin ruwan toka da hotuna. Zaɓar bugu da baƙar tawada kaɗai a saitin kwamfuta yana rage wannan.

Ya halatta a cika katirij da sirinji, ko a sayi tawadar da ba ta kamfani ba?

Amsar ta dogara da inda kan firintar yake. Idan yana jikin katirij, haɗarin kaɗan ne, domin mafi munin abin da zai faru shi ne katirij ya mutu a sayi wani. Amma cikon yana da ƙa'ida. A yi shi tun kafin tawadar ta ƙare ƙarƙaf, yayin da soson da ke ciki yake da danshi. A ɗura kaɗan a hankali, domin katirij da aka cika fiye da kima ɗiga yake yi maimakon feshi. Mai launi ɗaki uku gare shi a ƙarƙashin takardar da ke samansa, don haka a fara zura tsinke mai tsabta a kowane rami a ga launin da ya fito, kuma kowane launi da sirinjinsa. Ma'aunin tawada ba zai koma cike ba bayan ciko. A ƙananan PIXMA ana riƙe maɓallin Stop na daƙiƙa 5 ko fiye don ta ci gaba da aiki, daga nan kuma lura da ƙarewar tawada ta koma kan mai firinta. Katirij ba ya jure ciko har abada, bayan 'yan lokuta rubutunsa yakan lalace. Haka kuma tun 2016 HP ya sa wani tsari a wasu firintocinsa da ke ƙin katirij mai ɗauke da guntun lantarkin da ba nasa ba, kuma sabunta manhajar firinta yana iya sa wanda yake aiki jiya ya daina yau.

Idan kan na dindindin ne, ra'ayina shi ne kada a yi ganganci. Kwalbar tawadar asali ta firinta mai tanki ba ta da tsadar da za ta sa a jefa kan firinta cikin haɗari saboda rarar 'yan kuɗi. Kuma tawada iri biyu ce: akwai mai rini da ke narkewa cikin ruwa, wadda ta fi fito da hoto amma ruwa yana wanke ta, akwai kuma mai ƙananan ƙwayoyin launi, wadda ta fi jure ruwa da rana. Kwalaben tawadar Epson 103 duka huɗun masu rini ne, baƙin Canon PG-445 kuwa mai ƙwayoyi ne. Haɗa iri biyun a tanki ɗaya yana iya sa su dunƙule su toshe kai.

Shafi nawa katirij ɗaya yake bugawa, kuma yaushe ya kamata a koma firinta mai tanki?

HP ya rubuta kimanin shafi 120 ga baƙin 123, da 480 ga 123XL. Ana fitar da waɗannan alƙaluma ne bisa ma'aunin ISO/IEC 24711, da shafukan gwaji marasa cunkoso da ake bugawa a jere, saboda haka mai buga hotuna ko takardun shaida masu ado, ko mai buga shafi ɗaya yau ɗaya jibi, ba zai kai adadin ba. A gefe guda, kwalbar baƙin Epson 103 mai mililita 65 an rubuta mata shafi 4,500. Epson ya fara sayar da firinta mai tanki a Indonesiya a 2010, daga baya Canon ya fito da jerin PIXMA G, HP kuma da Smart Tank. Makaranta mai buga takardun jarrabawa da sakamako, ko shagon da ke buga wa jama'a takardu kullum, ba su da dalilin zama kan katirij. Wanda kuma bugunsa bai wuce 'yan shafuka a wata ba, kuma baƙi ne zalla, firintar lesa ta fi dacewa da shi, domin garin tona ba ya bushewa.

Me ya sa takarda take maƙalewa, musamman da damina?

Takarda tana shan danshi ta yi laushi ta manne da 'yar'uwarta, sai firinta ta ja biyu ko uku tare. A bar rim a cikin ledarsa, a ɗebi iya abin da za a buga, a karkaɗa shi kafin a saka. Idan ta maƙale, a kashe firintar a jawo takardar da hannu biyu a hankali ta hanyar da take bi, a tabbata babu guntun da ya rage. Tayoyin robar da ke jan takarda kuma ƙura tana sa su sulɓi, ana goge su da tsumma mai ɗan danshi.

Firintata ta Epson ta tsaya, ta ce soson tawada ya cika. Ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. Duk tawadar da wanki ke zuƙa tana taruwa ne a wani soso da ke ƙasan na'urar, kuma akwai lissafin da ke tsayar da ita idan ya kai iyaka. A wasu sababbin samfura akwatin soson abin cirewa ne da mai firinta zai saya ya sauya da kansa, a sauran kuma aikin mai gyara ne. Abin lura shi ne, akwai masu goge lissafin da manhaja su miƙo firinta ba tare da sun taɓa soson ba. Za ta yi aiki, amma tawadar tana nan tana ƙaruwa, wata rana a tarar da ita a kan tebur ko a cikin allon lantarki. Duk wanda ya kai gyara ya nemi a nuna masa tsohon soson da aka cire.

Zan yi tafiya ta watanni, ko zan ɗauki firintar zuwa wani gari. Yaya zan yi da ita?

A bar katirij a cikinta, a kashe ta da maɓalli, a zare filogi bayan fitila ta mutu, a lulluɓe ta a ɗaki mafi sanyi a gidan. Idan akwai wanda zai riƙa buga shafin gwaji duk mako, hakan ya fi komai. Wajen ɗauka kuwa a riƙe ta a miƙe, kada a kwantar da ita ta gefe ko a kife ta a bayan babur, musamman mai tanki. A tabbata murafen tankin sun rufu sosai, a manne mazaunin kan da tef don kada ya yi ta yawo a hanya. Wasu tsofaffin Epson masu tanki a gefe suna da ɗan makullin tafiya da ake juyawa kafin ɗauka, kuma wajibi ne a buɗe shi idan an isa, in ba haka ba tawada ba za ta gangaro zuwa kan ba.